Yadda nas, ungozoma da mai famasi ke karɓar kuɗin aikinsu daga inshorar lafiya a Legas

Tun daga watan Mayun 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar da ta soke tsohon shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadinsa, inshorar lafiya ta zama wajibi a kan duk mazaunin Najeriya, sannan a 2024 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya fitar da umarnin tilasta ta a jihar Legas. Saboda haka masu zuwa asibiti da kati maimakon tsabar kuɗi sai ƙaruwa suke yi, har a unguwanninmu irin su Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende. Ma'aikacin lafiya wanda ba likita ba, ko nas ne, ko ungozoma, ko mai harhaɗa magunguna, ko masanin gwaje-gwaje, ko mai gashin ƙashi, ko mai gwajin ido, yakan yi aikinsa yadda ya kamata ya kuma rasa kuɗinsa, domin a wannan tsari ba a duba hannun da ya yi aikin. Abin da ake dubawa shi ne wurin da aka tantance, da matakin da aka tantance shi a kai, da takardun da suka biyo bayan mara lafiya.

Wasu ma'aikatan jinya sukan karanta a intanet cewa shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, yana biyan nas mai babban horo kai tsaye da lambarsa, kashi 85 cikin ɗari na abin da zai biya likita a kan aiki iri ɗaya. Wannan gaskiya ne, amma dokar Amurka ce. A nan cibiya ce, wato asibitin ko famasin ko ɗakin gwaje-gwajen, ake tantancewa, ita ake ba lamba, kuma asusunta ake tura wa kuɗi.

Mataki na farko: sanin wanda zai biya

Katin da mara lafiya ya miƙo yakan fito daga ɗaya daga cikin wurare huɗu, kuma kowanne da dokarsa da farashinsa. Akwai katin NHIA, wanda ma'aikatan gwamnatin tarayya ke riƙewa, kamar jami'an kwastam na Apapa da Tin Can da ma'aikatan shige da fice, kuma yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Sojoji da 'yan sanda ma suna cikin wannan tsari ta hannun kamfanonin HMO nasu na kansu, wato kamfanonin da ke tsakanin mai kati da cibiya suna ba da izinin aiki suna biyan kuɗi, haka kuma ɗan kasuwa zai iya shiga da kuɗinsa ta shirin GIFSHIP. Akwai Ilera Eko, shirin jihar Legas da ya samo asali daga dokar 2015, aka ƙaddamar da shi a watan Disambar 2018, wanda hukumar inshorar lafiya ta jihar, LASHMA, ke gudanarwa. Akwai marasa galihu da ake biya wa daga asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma kason inshora na wannan asusu yana bi ta hukumar jiha ne zuwa ƙananan asibitocin gwamnati. Na huɗu shi ne katin da bankuna da kamfanoni ke saya wa ma'aikatansu daga HMO kai tsaye, wanda farashinsa ciniki ne tsakanin kamfanin da cibiya.

Abin da ke rikita mutane shi ne kamfanin HMO guda yakan riƙe masu katin NHIA ya kuma riƙe masu katin kamfanoni, alhali jadawalin farashin ya bambanta. Don haka sunan kamfanin da ke jikin katin bai isa ba, sai an duba sunan shirin.

Ga mai iyali da yawa akwai abin lura, domin matsala ce da ake cin karo da ita a cikin jama'armu fiye da ko'ina. Mata ta biyu ko ɗa na biyar ba sa cikin katin NHIA sai idan an yi musu rajista daban an biya ƙarin kuɗi, kuma cibiyar da ta karɓi amarya da katin uwargida saboda kunya ko sanayya ta yi aikin da ba za a biya ta ba, ta kuma jefa kanta cikin zargin zamba.

Mataki na biyu: lasisinka da lasisin wurinka

Babu wata hukumar inshora da za ta saurari wanda lasisinsa na wannan shekara bai fito ba. Nas da ungozoma suna ƙarƙashin majalisar NMCN, mai harhaɗa magunguna yana ƙarƙashin PCN, masanin gwaje-gwaje MLSCN, mai gashin ƙashi MRTB, mai ɗaukar hoton asibiti RRBN, mai gwajin ido ODORBN, ma'aikacin lafiyar al'umma kuma CHPRBN. Wurin aikin ma yana buƙatar nasa takardun: rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, da rajistar HEFAMAA, hukumar da Legas ta kafa a 2006 don sa ido a kan cibiyoyin lafiya, wadda ake sabunta rajistarta kowace shekara. Famasi yana buƙatar takardar rajistar wurin daga PCN da sunan mai harhaɗa magungunan da ke kula da shi, wurin ɗaukar hoton ƙashi kuma yana buƙatar izinin NNRA, hukumar sa ido a kan harkar nukiliya, saboda na'urorin da ke fitar da tururi mai haɗari. A kan duk waɗannan ana neman shaidar inshorar kariya daga kuskuren aiki.

Mai kemis, wato mai lasisin sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, ba famasi ba ne a idon doka, komai cikar shagonsa da daɗewarsa a unguwa, don haka ba zai cike gurbin famasi a tsarin inshora ba. Haka ungozomar gargajiya da mai ɗorin karaya da wanzami: Legas tana da hukumar da ke yi wa masu maganin gargajiya rajista, amma wannan rajista ba ta ba su damar tura wa NHIA takardar neman biya. Wanda ke da jari kuma yake son shiga harkar, hanyarsa ita ce ya kafa wuri mai cikakkiyar rajista ya ɗauki ƙwararre mai lasisi wanda zai zauna a wurin da gaske, domin masu duba wurare sukan zo ba tare da sanarwa ba, kuma lasisin haya da aka rataye a bango ba ya amsa tambaya.

Mataki na uku: tantancewa da yarjejeniya

NHIA tana tantance cibiyoyi a matakan kula da lafiya uku. A matakin farko akwai ƙananan asibitoci, da sashen marasa lafiya na waje na manyan asibitoci, da gidajen jinya da na haihuwa, waɗanda ake neman su nuna cewa suna da likitan da za su iya kira idan buƙata ta taso. A mataki na biyu ne aka sanya famasi, ɗakin gwaje-gwaje, wurin gashin ƙashi, wurin ɗaukar hoto da wurin gwajin ido masu zaman kansu, tare da manyan asibitoci da na ƙwararru. Mataki na uku na asibitocin koyarwa ne irin su LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja. Asibitin da ke da famasi da lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, a cikinsa yana neman tantancewa ga kowane sashe daban, kuma sashen da ba a tantance ba ba ya da hurumin neman kuɗin mataki na biyu.

Amincewar NHIA ba ta nufin an shiga Ilera Eko, sai an nemi LASHMA ta sanya cibiyar a jerin nata. Bayan haka sai yarjejeniya da kowane kamfanin HMO da za a yi aiki da shi. Kafin sanya hannu a karanta wurare huɗu da idon basira: jadawalin farashi da ranar da ya fara aiki, wa'adin miƙa takardun neman biya, wa'adin da kamfanin zai biya, da hanyar ɗaukaka ƙara idan an ƙi biya.

Mataki na huɗu: ta wace ƙofa kuɗin ke shigowa

A nan ne mafi yawan asara ke faruwa, don haka ya kamata a tsaya a fahimce shi sosai. Hanyoyin biya manya guda biyu ne. Ta farko ita ce kuɗin kai, wanda ma'aikatan asibiti ke kira kafiteshan: wani ƙayyadadden kuɗi ne da ake ba cibiyar matakin farko duk wata a kan kowane mutum da ya zaɓe ta, ko ya zo ko bai zo ba. Tamkar jinga ce, an yi ciniki a dunƙule, riba da faɗuwa na wanda ya karɓa ne. Shekaru masu yawa NHIS tana biyan naira 750 a kan kowane mutum, ke nan cibiya mai mutum 500 tana samun naira 375,000 a wata, kuma daga ciki za ta duba duk wanda ya zo da zazzaɓi ko gudawa ko ciwon da bai tsananta ba, ta yi masa ƙananan gwaje-gwaje, ta ba shi magani. Tsadar magunguna ta sa NHIA ta ƙara kuɗin a 2024, ta sake ƙarawa daga watan Afrilun 2025, inda ta sanar da ƙarin kashi 93 cikin ɗari a kan kuɗin kai da kashi 378 a kan kuɗin ayyukan mataki na biyu idan aka kwatanta da tsohon farashi.

Hanya ta biyu ita ce biya gwargwadon aiki, wadda ta shafi mataki na biyu da na uku. Ana yin aikin, a rubuta shi a takarda, a tura wa HMO, ta biya bisa jadawalin farashi, da sharaɗin cewa mara lafiyar ya zo da takardar turawa daga cibiyarsa ta farko da lambar izini daga kamfanin.

Abin da wannan rarrabewa ke nufi ga wanda ba likita ba shi ne, duk aikin da ya faɗa cikin kuɗin kai an riga an biya shi, kuma yana aljihun cibiyar farko. Idan asibitin da ke riƙe da mara lafiya ya turo shi lab ɗinka gwajin zazzaɓin cizon sauro, ko awon yawan jini, ko gwajin fitsari, ko gwajin ciki, ko awon sukari, HMO ba za ta biya ka ba, domin a wajenta ta biya tun farkon wata. Asibitin ne ke da bashinka. Haka maganin da aka rubuta a matakin farko: idan mara lafiya ya kawo takardar famasinka, kuɗinka yana wurin asibitin da ya rubuta. Ƙungiyoyin masu harhaɗa magunguna, PSN da ACPN, sun daɗe suna kokawa da wannan tsari, suna cewa haɗa kuɗin magani cikin abin da ake ba asibiti ya sa asibitoci ke ba da magani da kansu, famasin unguwa da aka tantance kuma ya zauna babu mai zuwa. A ganina koken yana da tushe, amma kafin a sauya tsarin abin da zai kare mai famasi ko mai lab shi ne rubutacciyar yarjejeniya da kowane asibitin da ke turo masa mutane, wadda ta fayyace farashi da ranar biya. Alkawarin baka tsakanin 'yan gari ɗaya yana da daɗi ranar da aka yi shi, sai dai ba ya zama hujja idan bashi ya kai wata shida.

Nas ko ungozomar da ke aiki a asibitin wani ba ta neman biya da sunanta, asibitin ne ke nema, ita kuma albashinta take karɓa. Amma wadda ta mallaki gidan haihuwa da aka tantance a matakin farko, ita ce ke karɓar kuɗin kai, kuma awon ciki da haihuwar da ta zo lafiya da kula da mai jego suna cikin aikin matakinta. Da zarar ciki ya nuna alamar haɗari, kamar hawan jini ko zubar jini ko tarihin tiyata, wajibi ne ta rubuta takardar turawa ta nemi lambar izini, domin idan ta riƙe abin da ya wuce matakinta ba za a biya ta ba, kuma alhakin duk abin da ya faru yana wuyanta. Ma'aikacin lafiyar al'umma a ƙaramin asibitin gwamnati yana aiki ne da littafin ƙa'idojin da aka tsara masa, kuma kuɗin BHCPF yana shiga asusun asibitin, don haka gudummawarsa ita ce cike rajistar masu zuwa daidai, wadda da ita ake lissafi.

Mai gashin ƙashi da mai gwajin ido da mai ɗaukar hoto sun fi samun biya kai tsaye, tunda yawancin aikinsu na mataki na biyu ne, sai dai izinin da ake ba su yana da iyaka. Idan lambar ta ce zaman gashi shida, zama na bakwai yana buƙatar sabuwar lamba tare da rahoton ci gaban mara lafiya, kuma ya fi kyau a nema tun a zama na biyar.

Mataki na biyar: kafin a taɓa mara lafiya

A fara tabbatar da cewa mai katin shi ne mai hoton, kuma sunansa yana cikin jerin wannan wata, domin kati yakan kasance a hannun mutum bayan wa'adin biyansa ya ƙare. A duba takardar turawa: sunan cibiyar da ta turo, sa hannu da hatimin wanda ya rubuta, cutar da ake zato, da ainihin aikin da ake nema. Sannan a karɓi lambar izini a rubuce, ta saƙon waya ko imel ko manhajar kamfanin, a kuma tabbatar ta ambaci aikin da za a yi da sunan cibiyar da za ta yi shi. Lambar da aka bayar don hoton ƙirji ba ta ɗaukar sikanin ciki, ko da mara lafiya ɗaya ne a rana ɗaya.

Daga watan Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin HMO su ba da lambar izini cikin awa ɗaya da nemanta, ko su faɗi dalilin ƙi. Saboda haka a riƙa rubuta lokacin da aka nema da lokacin da aka samu. Larurar gaggawa kuwa ba ta jiran lamba: sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014 ya haramta wa kowane ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa, ƙa'idar inshora kuma ta ba da awa 48 a nemi lambar bayan an fara ceto rai.

A tsarin NHIA na ma'aikata, mara lafiya yana biyan kashi goma cikin ɗari na kuɗin magani. Idan jadawali ya sa maganin a kan naira 8,000, zai biya 800 a ba shi rasit, a nemi 7,200 daga mai biya. Ana lissafin ne da farashin jadawali, ba da farashin kanta ba, kuma jerin magungunan NHIA da sunan asalin sinadari yake tafiya. Idan mara lafiya ya nace sai wani tambarin kamfani mai tsada, a yi masa bayani da harshen da yake ji kafin a buɗe kwali, a kuma rubuta amincewarsa. Karɓar ƙarin kuɗi a ɓoye a kan aikin da inshora ta ɗauka laifi ne da zai iya jawo dakatar da cibiya, kuma yawancin ƙorafin da ke kai wa hukuma daga nan yake tasowa.

Mataki na shida: haɗa takardar neman biya

Kowace takarda ta ƙunshi suna da lambar mai kati, sunan shirin, lambar cibiya, lambar izini, ranar aiki, sunan cutar, jerin ayyuka ko magunguna da adadi da farashin jadawali, da sa hannun mara lafiya cewa ya karɓa. A haɗa da kwafin takardar turawa da na sakamakon gwaji ko takardar magani. Mai tantancewa a ofishin HMO bai ga mara lafiyar ba, takarda kawai yake gani, kuma abin da yake nema shi ne ko cutar da aka rubuta ta dace da aikin da aka yi. Idan an rubuta ciwon baya aka nemi kuɗin gwajin hanta ba tare da bayani ba, zai soke layin. Sakamakon gwaji ya fito da sa hannun masanin gwaje-gwaje mai lasisi, takardar magani kuma da sa hannun wanda doka ta ba ikon rubutawa, domin aikin da ya wuce iyakar lasisin wanda ya sa hannu ba a biyansa.

A tura takardun kowane wata a kan lokaci, a karɓi shaidar isarsu, a ajiye kwafi. Bayanan marasa lafiya sirri ne a ƙarƙashin dokar lafiya da dokar kare bayanai ta 2023, don haka tura hotunan takardu ta wayar yaron shago ganganci ne.

Mataki na bakwai: idan an rage kuɗin ko an ƙi biya

Kuɗin da ke shigowa asusu sau da yawa bai kai abin da aka nema ba, kuma cibiyoyi da dama sukan karɓa su yi shiru saboda ba su da littafin da za su gwada. A buɗe rajista mai nuna kowace takarda, abin da aka nema, abin da aka biya da bambancin. A nemi kamfanin ya aiko da bayanin biya layi-layi tare da dalilin kowane ragi. Dalilan sukan maimaita kansu: babu lambar izini, an makara wajen turawa, aikin na cikin kuɗin kai ne, an yi amfani da tsohon jadawali, ko sunan mai kati ya fita daga jeri. Wanda kuskuren cibiya ne kuma yana gyaruwa, a gyara a sake turawa cikin wa'adin da yarjejeniya ta bayar. Wanda kuskuren kamfanin ne, a rubuta masa wasiƙa mai kwanan wata haɗe da hujjoji, a nemi zaman daidaita lissafi, a kuma sa hannu a kan sakamakon zaman daga ɓangarorin biyu.

Idan kamfanin bai amsa ba, ƙorafin da ya shafi katin tarayya yana zuwa ofishin NHIA na jihar Legas, wanda ya shafi Ilera Eko kuma yana zuwa LASHMA. A haɗa kwafin yarjejeniya, jerin takardun da ba a biya ba, lambobin izini da wasiƙun da aka yi musaya. A wannan tsakanin kada a kori masu kati ko a ce su biya daga aljihunsu don huce haushin bashin, domin hakan saɓa yarjejeniya ne, kuma zai ba kamfanin hujja a kan cibiyar a gaban hukumar da aka kai wa ƙara. Idan cibiya ta yanke shawarar daina aiki da wani kamfani, ta ba da sanarwa a rubuce gwargwadon kwanakin da yarjejeniya ta gindaya, ta aika wa hukumar kwafi, ta kuma ci gaba da duba waɗanda ke hannunta har wa'adin ya cika.